DVR a Gidan da Babu Layin Waya: Rauta, MiFi, Faiba, Starlink, ko a Bar Shi Haka?

Duk wanda ya sayi kyamarorin tsaro da akwatinsu na DVR, ya buɗe takardar da ke cikin kwali ko ya shiga YouTube neman yadda zai riƙa kallo ta wayarsa, zai tarar ana ta maganar PPPoE da DDNS da buɗe ƙofa a rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida. An tsara wannan bayani ne don ƙasashen da intanet ke shiga gida ta wayar tarho, kowane gida da layinsa. Mu kuwa tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 wayar NITEL ta fara ja da baya, yau ɗan shekara ashirin a Kano ko Katsina da wuya ya taɓa jin wayar girke ta yi ƙara a falo. Shi ya sa mai shago ko maigida ke tsayawa cikin ruɗu: ya sayi MiFi ne, ya ja faiba (wayar intanet ta zaren gilashi), ko ya ɗaure ya kafa Starlink (intanet ta tauraron ɗan adam)?

DVR ba ya buƙatar layin waya ko intanet kafin ya naɗi hoto. Kyamarori suna turo masa hoto ta kebul, shi kuma yana rubutawa a faifan ajiyar da ke cikinsa, ko da a tsakiyar daji yake. Intanet abu uku kawai take ƙara maka: ka kalli wurin daga nesa, wayarka ta sanar da kai idan an ga motsi, agogon na'urar kuma ya riƙa daidaita kansa. Zaɓin da ke gabanka shi ne nawa za ka biya saboda waɗannan ukun.

Abin da za a auna

Kuɗi kashi biyu ne, na saye da na wata-wata, kuma na biyun ne ke cizo, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mutane da yawa suna tsoron cewa DVR zai shanye musu data dare da rana. Ba haka ba ne. Naɗin yana faruwa a cikin akwati, data ba ta tafiya sosai sai lokacin da ka buɗe manhaja kana kallo. Kowace kyamara tana fitar da hoto iri biyu: mai kyau wanda ake adanawa, da mara nauyi wanda ake tura wa waya. Kyamarar 1080p da aka saita a kan saurin data na 2 Mbps tana cin kusan MB 900 a awa, wato wajen GB 21 a yini. Kyamara huɗu za su cika faifan 1TB cikin kwana 11 zuwa 12, sai ya koma yana goge na baya. Mara nauyin kuma, idan yana kan 512 kbps, kusan MB 230 ne a awa ga kowace kyamara. Wanda ke leƙa kyamara huɗu na rabin awa kullum zai ƙone wajen GB 14 a wata. Amma wanda ke barin manhaja a buɗe a kan teburin ofis tun safe har la'asar zai ƙone fiye da haka cikin kwana biyu, kuma wayarsa ma tana cin nata daban.

Sai wuta, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci. DVR mai kafa huɗu da faifansa yana jan wat 10 zuwa 15, kowace kyamara wat 3 zuwa 5 idan fitilunta na dare sun kama. A haɗa da rauta, an doshi wat 40. Batir mai 12V da 100Ah irin na ruwa, idan ana so ya daɗe, rabinsa ake sha, wato zai riƙe wannan kaya kusan awa 15. Duk abin da ka ƙara don samun intanet daga wannan batirin zai ci. Ɓarawo kuwa ba ya jiran NEPA ta kawo wuta.

Akwai juriya: zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, da tsawar damina. Akwai sauƙi, wanda ainihin ma'anarsa ita ce wa zai tayar da abin idan ya tsaya kana Legas ko kana Umara. Sannan haɗari: a ɗauke akwatin gaba ɗaya, sabis ya yanke, ko wani ya riƙa kallon cikin gidanka ba ka sani ba.

Wani abu ya shafi kusan duk hanyoyin da ke ƙasa. Layukan sim da Starlink na gida ba sa ba kowa adireshin intanet nasa na kansa, mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya. Saboda haka tsohuwar dabarar buɗe ƙofa a rauta ba ta aiki, kada a ɓata maka lokaci da ita. Abin da ke aiki shi ne P2P: DVR ya kira sabar kamfaninsa, wayarka ma ta kira, a haɗa ku. Na Hikvision yana amfani da Hik-Connect, na Dahua da DMSS, yawancin marasa suna kuma da XMEye. Ka ɗauki hoton lambar QR, shi ke nan.

A bar shi ba intanet

Wannan ba ya cin ko sisi a wata, kuma babu mai iya kutsowa daga waje. Ka haɗa talabijin ta HDMI, idan wani abu ya faru ka koma baya ka kwafe a filashi. Idan kana son kallo ta waya a cikin gida kawai, rauta mai arha wadda ba sim a cikinta ta isa: ka soka DVR a jikinta, wayarka ta kama Wi-Fi ɗinta, za ka gani daga ɗaki ko zaure ba tare da data ba.

Illarsa ba ta bayyana sai ranar buƙata. Faifan ajiya yana iya mutuwa tun wata biyu da suka wuce, hoto na fitowa a talabijin lafiya lau, amma ba abin da ake adanawa. Agogo ma yana zamewa a hankali, kuma idan ɗan batirin da ke kan allon na'urar ya ƙare, duk sa'ad da aka ɗauke wuta kwanan wata zai koma wata tsohuwar shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan magana ta kai kotu, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna cewa na'urar da ta fitar da hoton tana aiki daidai a lokacin. Maganinsa ɗabi'a ce: kowane mako ka koma baya ka kalli minti biyu na jiya, ka duba agogo. Kuma ka ɓoye akwatin, kada ka ajiye shi ƙarƙashin talabijin inda kebul zai kai ɓarawo kai tsaye.

Rauta mai sim da ramin LAN

Wannan ita ce akwatin da MTN da Airtel da Glo ke sayarwa, ko irin na Huawei da ZTE da TP-Link da ke karɓar kowane layi. A Nijar ma haka take da layin Airtel, Moov ko Zamani. Kebul ɗaya daga bayan DVR zuwa ramin LAN, wato ramin kebul da ke bayan rauta, ka kunna DHCP (saitin da ke sa DVR ya karɓi adireshi daga rauta da kansa) da P2P, an gama. Kuɗin sayenta bai kai na DVR ɗin kansa ba idan ta 4G ce, wutar da take ja ba ta cika haura wat 10 ba, kuma yawancinsu 12V suke sha, daidai da DVR da kyamarori. Ma'ana za a iya ɗora duka a kan batir ɗaya ba sai an bi ta inbata ba. Idan wuta ta tafi ta dawo, ita da kanta take tashi, ba mai danna komai.

A nan akwai wurin tsayawa a yi tunani. Sandunan sabis da kake gani a waya suna yaudara, domin kallon bidiyo saukewa ne, DVR kuma turawa yake yi. Layin da ke buɗe TikTok kamar walƙiya yana iya kasa tura hoton kyamara huɗu, musamman a kasuwa irin Kantin Kwari ko Sabon Gari da rana tsaka, lokacin da dubban wayoyi da na'urorin POS ke rububin turken sabis ɗaya. Kafin ka sayi komai, ka tsaya a daidai inda rautar za ta zauna, ka gwada saurin turawa da layi biyu ko uku, da rana da kuma bayan isha'i. Idan kana samun 2 Mbps na turawa ba yankewa, ya ishi kyamara huɗu a hoto mara nauyi. Shago mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe yana kashe sabis da zarar an rufe, wato daidai lokacin da ka fi buƙatarsa, don haka a yi gwajin ƙofa a rufe. Idan ya gaza, a nemi rauta mai wurin ɗaura eriyar waje.

Rautar 5G, wadda MTN ta fara kawowa a 2022, ta fi tsada kuma ta fi jan wuta. Don DVR kaɗai ba ta da wani amfani na musamman, sai idan gidan ma zai sha intanet daga gare ta.

Haɗarinta na sim ne. Data ta ƙare ba ka lura ba, ko a rufe layin saboda matsalar NIN, ko wani yaron shago ya samu kalmar sirrin Wi-Fi ya shanye kuɗin wata cikin kwana uku. Ka sa layin da sunanka, ka sayi tsarin wata mai sabunta kansa, ka kashe Wi-Fi ɗin rautar gaba ɗaya idan DVR kaɗai take yi wa aiki. Akwai kuma abin da ba ya hannunka: a Satumbar 2021 an rufe sabis a duk jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni ba kira ba data. Wanda ya dogara da sim a irin waɗannan wurare ya san cewa kallon nesa na iya tsayawa, naɗin cikin akwati ne zai rage masa.

MiFi da 'yar gada

Yawancin mutane nan suke fara dosa, saboda MiFi ɗin tana aljihu tuni. Matsalar ita ce DVR ramin kebul yake da shi, MiFi kuma Wi-Fi kawai take bayarwa. Dole a sa wata 'yar na'ura a tsakani, kamar ƙaramar rautar TP-Link da aka juya ta zama mai karɓa, ta kamo Wi-Fi ta miƙa ta kebul. Yana aiki, amma na'urori sun zama biyu, kowace da ranar da za ta yi gardama. MiFi an yi ta ne don tafiya: tana yin barci idan ta ga shiru, wasu ba sa kunna kansu bayan batir ya mutu, kuma batirin da ya kwana ya wuni a caji cikin zafin shago yana kumbura. Wasu DVR suna karɓar modem na USB, sai dai nau'o'i ƙalilan kowanne ya sani. Idan ka haɗa kuɗin gadar da na sabon batir, ka kusa kuɗin rauta ta gaske. Ban ga dalilin zaɓar wannan ba sai don gwaji na mako ɗaya ko biyu.

Faiba

Inda ta iso, ita ce mafi daɗi: saurin turawa mai yawa, yawanci ba iyakar data, kuma tsawa ba ta bin zaren gilashi. Za ka iya kallon hoto mai kyau, ka koma baya ka sauke awa guda daga nesa ba fargaba. Akwatinta wuta kaɗan yake ja. Kamfanoni irin su MTN da ipNX da FiberOne suna ja a unguwannin Abuja da Legas, a sauran birane kuma abin layi-layi ne, wani titi akwai, na bayansa babu. Kuɗin wata ya fi na datar da DVR kaɗai zai ci, don haka ba ta da riba sai gida ko ofis na amfani da ita. Babban ciwonta masu aikin titi da magudanar ruwa, kuma idan sun tsinke ta sai ka jira ma'aikatan kamfani.

Starlink

Ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a Nijar kuma a 2025. Ba ruwanta da turken sabis, sararin sama kawai take so. Ga gonar da ke bayan gari, gidan mai a kan babbar hanya ko ma'ajiyar hatsi a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, wani lokaci ita kaɗai ce mafita. Amma tsadarta ta kowane ɓangare ce. Kayan sun kai naira 590,000 a ƙarshen 2024, kuɗin wata na gida ya koma 57,000 a 2025, kuma a wasu lokuta kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Abuja da Legas saboda cunkoso. Babban farantin yana jan wat 50 zuwa 100, ya fi DVR da kyamarori huɗu a haɗe, don haka batirin da ke kai ka asuba zai mutu tun tsakar dare. Ƙaramin, Starlink Mini, bai kai haka ci ba. A lura kuma rautar Starlink ƙira ta biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta daban, ƙira ta uku ce ke zuwa da shi. Ruwan sama mai ƙarfi yana yanke ta na ɗan lokaci, farantin da ke kan rufi kuma shi ma abin sata ne.

Eriya zuwa eriya

Wannan ba a cika ambatonsa ba, alhali yana da kyau ƙwarai. Idan shagonka ko garejinka ko makarantarka ba su da nisa da gida, ana kafa eriya biyu masu kallon juna, irin TP-Link CPE510 ko Ubiquiti NanoStation, ɗaya a can ɗaya a nan. Kilomita biyu ko uku ba sa ba su wahala matuƙar ba bene ko dogon darbejiya a tsakani. Za ka zauna a falo ka ga hoto mai kyau awa 24, ba data ba kuɗin wata. Har ma kana iya ajiye wata na'urar naɗi a gida, ta yadda ko an ɗauke ta shago hoton na nan. Yana buƙatar wanda ya iya saiti, da dogon ƙarfe, da waya zuwa ƙasa saboda tsawa, domin abin da ke saman rufi shi aradu ke fara samu.

Kyamarar sola mai sim

Wannan ba DVR ba ce, kishiyarsa ce, amma a kasuwannin waya irin Farm Centre a Kano da Banex a Abuja za a nuna maka ita. Kyamara ɗaya da farantin solarta da batirinta da sim da memori, a ɗaure a jikin turke cikin rabin awa. Ga fili da ake gini ko garken dabbobi inda ba wuta sam, tana da amfani. Yawancinsu ba sa naɗi sai sun ji motsi, don haka sukan rasa farkon abin da ya faru. Memori yana gajiya da yawan rubutu, ƙurar hunturu tana rufe farantin, kuma wanda ya ciro kyamarar ya tafi da shaidar a hannunsa.

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin wata | Ƙarin wuta | Juriya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ba intanet | Babu | Babu | Babu | Sosai | Faifai ya mutu ba a sani ba |
| Rauta mai sim | Kaɗan | Daidai kallonka | Wajen wat 10 | Mai kyau | Data ta ƙare, sabis ya yanke |
| MiFi da gada | Kaɗan | Daidai kallonka | Kaɗan | Rauni | Batir ya kumbura, ta ƙi tashi |
| Faiba | Matsakaici | Tsayayye | Wajen wat 10 | Mai kyau | A tsinke waya |
| Starlink | Mai yawa | Mai yawa | Wat 50 zuwa 100 | Mai kyau | Batir ya kasa ɗauka |
| Eriya biyu | Matsakaici | Babu | Wajen wat 10 kowane gefe | Mai kyau | Tsawa, abin da ya tare hanya |
| Kyamarar sola | Matsakaici | Kaɗan | Nata daban | Matsakaici | A sace ta da memorin |

Wa ke riƙe da makullin?

Da zarar DVR ya hau intanet ta kowace hanya, wannan tambayar ta taso. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban DVR da kyamarori da aka bari da kalmar sirrin kamfani, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Da yawa daga cikin na'urorin suna ɗauke da allon kamfanin Xiongmai, mai XMEye. Amma a wurinmu haɗarin da ya fi kusa shi ne wanda ya yi maka haɗin. A Hik-Connect, na'ura tana ɗaure ne da asusu ɗaya, kuma sau da yawa mai haɗawa yana ɗaure ta a nasa, ya ba ka izinin kallo kawai. Ranar da kuka ɓata ko ya canza lamba, ka shiga wahalar kwancewa, kafin nan kuma yana ganin duk abin da kake gani. Ka buɗe asusun da lambarka a gabansa, ka canza kalmar sirri bayan ya tafi. Kyamarar da ke kallon tsakar gida inda iyali ke zirga-zirga, ni dai ba zan ɗora ta a intanet ba. Ƙofa, zaure, gareji da bayan katanga sun isa.

Wanne ya dace da wa

Maigidan da yawanci akwai mutum a gida, abin da yake so shi ne ya koma baya idan wani abu ya ɓata: ya bar DVR ba intanet, kuɗin da zai kashe a data ya sayi batir mai kyau da faifan da aka yi don wannan aiki, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Mai shago, kemis ko gidan burodi a cikin gari da ke son leƙawa sau biyu ko uku a rana: rauta mai sim da ramin LAN, a kan batir ɗaya da DVR, bayan an gwada layi ƙofa a rufe. Mafi yawan masu karanta wannan nan suka faɗa.

Ofis, asibiti ko makaranta mai kyamara takwas zuwa sha shida, a unguwar da faiba ta iso: faiba, da rauta mai sim a gefe saboda ranar da aka tsinke waya.

Wanda wurin sana'arsa ke unguwa ɗaya da gidansa kuma yana son kallo koyaushe: eriya biyu.

Gona, gidan mai ko ma'ajiya inda sabis ba ya tsayawa: Starlink, amma sai an fara lissafa ƙarin sola da batir a cikin kuɗinta. Idan lissafin bai fita ba, DVR ba intanet a ɓoye a wuri mai kyau, da maigadi mai waya.

Fili ko gini da ba wuta, kuma aikin na 'yan watanni ne: kyamarar sola, a ɗaure ta sama inda sai da tsani, a kunna tura hoto zuwa waya duk sa'ad da ta ji motsi.